Tabarmin da Inna ta hana a naɗe

A Gadarif idan aka yi rasuwa ana shimfiɗa tabarmi, maza a ƙofar gida, mata a ciki, a karɓi gaisuwa kwana uku, sannan a naɗe kowa ya koma harkarsa. Firashi muke ce wa zaman. Na yayana kaɗai na taɓa gani ya wuce ƙa'ida, kuma mahaifiyarmu Inna ce ta hana a naɗe.

Lokacin yankan riɗi ne. Yayana yana cikin leburorin wani mashru'i wajen Ƙala'at an-Nahal, irin manyan gonakin nan da tarakta ke nomewa. Da rana tsaka sun dawo kambo, wato masaukin leburori, sun zauna a rumfa suna cin tuwon asida, sai mai gadin wurin ya fito da bindigar da aka ba shi saboda ɓarayin buhu, ya buɗe musu wuta. Da ya gama ya juya ta kansa. Waɗanda suka tsira sun ce ko uffan bai ce ba. Abin da ya fi ci mana rai, ba baƙo ba ne. Ɗan layinmu ne, tare suka tashi da yayana, lori ɗaya ya kwashe su zuwa gonar.

Ina gidan mijina a Mafaza labarin ya same ni, kafin in iso an binne yayana. Ranar uku kawunmu ya leƙo wajen mata ya ce lokacin naɗe firashi ya yi.

Inna ta dafa tabarmar da take kai. "Ba mai taɓa ta," in ji ta, "sai an gaya mini me ɗana ya yi masa."

Maganar ta zaga unguwa. Daga ranar duk mai zuwa gaisuwa sai ya taho da dalili, kamar yadda ake tahowa da sukari da ganyen shayi. Matar direban lorin ta ce ƙwaya ce, wadda samari ke haɗiya don kada su ji gajiya. Wata tsohuwa ta rantse cewa tarakta ta tuge bishiyoyin mutanen ɓoye a gonar, su ne suka hau kan mai gadin. Wani ɗan kasuwa da ke zuwa Gallabat ya aiko a gaya mana mace ce, wai an gan shi da wata a bakin iyaka, sai dai wanda ya gan su ɗin har yau ba a samo shi ba. Wakilin mai gonar kuwa cewa ya yi zafin rana ne. Rana a Gadarif! Da ita ke sa mutum ɗaukar bindiga, da ba a bar ko mai binne gawa a garin ba.

Haushinsu nake ji sosai a lokacin, ina zuba musu shayi ina cije baki. Sai daga baya na lura cewa kowa dalilin da ya yi nesa da gidansa yake zaɓa. Wadda ta ce ƙwaya, ɗanta ba ya sha. Wanda ya ce mace, tunƙaho yake da cewa shi ba ya bin mata. Tsoro ne ke cinsu, don duk suna da 'ya'ya a kambo, kuma kowane kambo da mai gadinsa.

Inna takan saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To, shi ɗana fa?" Nan magana ke tsayawa. A kan tabarmar take kwana, abinci sai da lallashi, har wuyanta ya fito. Na fara tsoron kada mu yi firashi na biyu.

Wata safiya sai ga uwar mai gadin ta shigo. Tsohuwa ce mai sayar da wainar kisra a ƙarshen layi, kuma tun da abin ya faru ba wanda ya taka ƙofarta. Ta tsaya a bakin tabarma, ta ɗaga hannu kamar yadda mai gaisuwa ke yi, ta ce, "Al-Fatiha." A al'ada sai masu makoki su ɗaga nasu a karanta tare. Ba wadda ta motsa. Ni na miƙe tsaye, niyyata in fitar da ita waje.

Inna ta ɗaga hannunta. Suka karanta su biyu, muna kallo.

"Zauna," in ji Inna. "Ke kika haife shi, ke kika goya shi. Gaya mini dalili."

Tsohuwar ta zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba. "Wallahi ya Hajja, abin da ya kawo ni ke nan. Ana gobe za su tafi ya ɗaure mini igiyar gado da ta saki, ya ci abinci, ya yi dariya. Na juya ranar nan a kaina har na gaji, ma ligit haja, ban samu komai ba. Sai na ce ɗanki ne amininsa. Ko ya taɓa faɗa masa wani abu, shi kuma ya faɗa miki?"

Inna ta daɗe tana kallonta. Sannan ta dafa kafaɗata ta miƙe da ƙyar, ta sauka daga kan tabarmar.

"Kalas, shi ke nan, ku naɗe," ta ce mini. "In wadda ta haife shi ta zo tambayata, wa kuma zan zauna jira?"

Na durƙusa na fara naɗewa, ina kuka, don ni ban gama jira ba.