Ni na sa aka mai da Sha'aibu layin baya

Bana shekara goma ke nan cif da muka kai Sha'aibu makwancinsa a Bazaga, kuma in faɗi gaskiya har yau ban gama jin ƙyashinsa ba. Na san ba haka ake buɗe irin wannan rubutu ba. An saba a fara da kyawawan halayen mamaci, a ƙare da addu'a. Halin kirki kam yana da shi, addu'a kuma ba na fashi. Amma akwai wata shaida da na hana shi yana da rai, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Sha'aibu ɗan gwaggona ne, ƙanwar babana, wato taubashina. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Taubashi zai ce maka bawa, ya ce maka rago, ya ɗauke maka hula a tsakiyar kasuwa, kai dai dariya ce taka. Wanda ya yi fushi shi ya faɗi, kuma shi dangi za su yi wa faɗa. Da wannan wasa muka girma, gona ɗaya, akushi ɗaya. Ya fi ni tsawo, ya fi ni ƙarfin noma, ni kuma na fi shi baki.

Shekara ɗaya aka ɗauke mu soja, a farkon shekarun tamanin. Daga Konni aka loda mu a mota zuwa Tawa. A can aka jera mu a layi, wani soja mai muƙamin sarzan ya zo ya sa hannu ya raba layin gida biyu. A bayana hannun ya sauka, Sha'aibu kuwa shi ne ke bina. Mu na gaba aka wuce da mu babban sansanin horo da ke kusa da Yamai, su na baya aka tura su wani ƙaramin bariki can arewa, wai wuri ya yi kaɗan a shekarar. Babu wanda ya gwada gudunmu ko ƙarfinmu kafin a raba. Iyakar abin da ya faru ke nan.

Amma a sansaninmu ba haka aka koya mana ba. Tun daga ranar da aka aske mu, masu horo suke cusa mana cewa sojan ƙafa na gaskiya shi ne wanda ya sha wuya a wannan fili, ya haye waɗannan katangu, ya yi rarrafe a wannan taɓo na bakin kogi. Sauran duk masu sa kaki ne kawai. Na haɗiye maganar nan ba tare da tauna ba, don ta yi mini daɗi. A karo na farko a rayuwata na sami abin da na fi Sha'aibu da shi.

Sai aiki ya zo ya kunyata ni. Ni da aka hora a babban wuri, ƙofar wani buro, wato ofis, a Yamai aka ba ni. Shekara shida ina ɗaga ƙarfen ƙofa ina sara wa motoci, takalmina na ƙyalli, ban taɓa yin tafiyar da ta wuce ta zuwa kasuwa ba. Shi kuwa can aka bar shi arewa. A shekarar fari su ne ke raka motocin hatsi, su tono su idan yashi ya riƙe, su taka daga wannan rijiya zuwa waccan suna neman mutanen da yunwa ta warwatsa. Da ƙafa ya yi aikinsa, da bindiga da jarkar ruwa a baya.

Idan hutu ya haɗa mu a gida, nan ciwon yake. Bayan la'asar za ka ga an kewaye shi a ƙofar gidanmu, kuma babana, uban da ya haife ni, shi ke matsa masa buzu ya ce, “Soja, ba mu labarin rijiyar nan.” Soja yake ce masa. Ni Lawali ne, kamar yadda aka raɗa mini. In na buɗe baki zan ba da labarin Yamai, sai a tambaye ni ko gaskiya ne gidajen can hawa-hawa ne, a koma kan Sha'aibu. Sai in ce da ƙarfi, “Ku bar sojan gona shi yi ta zuba, ai ko katanga guda bai taɓa hayewa ba.” A yi dariya, shi ma ya yi, ya ce, “Bawana, tahi ka ɗebo min ruwa.” Kowa ya ɗauka wasa ne. Ni kaɗai na san yadda zuciyata take tafasa.

Ni na fara ajiye kaki, na sami gadi a masana'antar siminti ta Malbaza, na koma ɗaga wa manyan motoci ƙarfe. Shi sai daga baya aka sallamo shi, bayan wata mota ta kife da su ta taɓa masa gwiwa. Ya dawo Bazaga yana ɗingishi, ya kama noman gero da wake.

A shekarar da ya dawo aka shirya tsofaffin sojoji za su yi fareti a Konni ranar bikin jamhuriya. Mai jera mu wani tsohon soja ne mai muƙamin ajidan, mutumin Illela, Ajidan Garba, shi ma ɗan babban sansani, mai riƙe da tsarin da ya gada: sojojin ƙafa a gaba, direbobi da masu dafa abinci da sauran ma'aikata a baya. Sha'aibu ya zo tun da hantsi a kan amalanke. Ya wanke tsohon kakinsa, an goge masa shi da dutsen guga na gawayi, ya ɗaure gwiwar da ƙyalle a ƙarƙashin wando don kada ɗingishin ya fito. Ya shiga layin gaba, kusa da ni.

Ajidan bai san shi ba. Ya tsaya a gabansa ya dube shi sama da ƙasa, sannan ya juyo wurina, don an gaya masa ɗan uwana ne.

“Lawali, wanga taubashin naka, ina anka hore shi?”

Amsar gaskiya ba ta da wuya. Da na ce an hore shi a arewa, kuma ya taka ƙasar da mu duka ba mu taka ba, da magana ta ƙare. Amma na ga yadda mutanen Bazaga da suka biyo shi suke nuna shi da yatsa cikin alfahari daga bayan igiyar 'yan kallo.

“Horo, Ajidan?” na ce. “Can wani bariki na anka koya mishi jan jaki da ɗibar ruwa. In akwai layin masu jarka, a kai shi.”

Layi ya fashe da dariya. Ajidan bai yi ba. Shi ba wasa ya tambaya ba, shaida ya nema, kuma ya ɗauki abin da na faɗa a matsayin shaida. Ya nuna baya da sandarsa. Na jira Sha'aibu ya yi magana, ya ambaci shekarunsa, ya ce a tambayi wane da wane. Bai yi ba. Ta yaya zai yi gardama da maganar taubashi a gaban jama'a? Ya yi murmushi ya ce, “Bawana ya hwaɗi,” ya sara wa Ajidan, ya taka zuwa baya. Ni na wuce gaban manya a layin farko, ƙirji a buɗe. Ba zan ɓoye ba, a ranar daɗi na ji.

Na ce a raina baɗi zan gyara. Kafin baɗi, da damina, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana biyar, Allah ya karɓi abinsa. Faretin nan shi ne na farko da ya samu a gaban mutanensa, shi ne kuma na ƙarshe.

Yau idan na zauna a tashar Konni ina jin samarin da suka dawo daga arewa bayan rikicin shekarun nan suna irin gardamarmu. Wannan ya ce a wuri kaza aka hore shi, wancan ya ce ai nan ba horo ake ba. Alhali mota ɗaya ta kai su, rana ɗaya ta gasa su, kuma waɗanda ba su dawo ba babu wanda ya tambaye su sansaninsu. Nakan ce da Sha'aibu na nan me zai ce musu? Ina jin ba zai shiga gardamar ba. Zai tambaye su ko rijiyar wuri kaza tana da ruwa har yanzu, su kuma su bar gardama su kewaye shi. Ko a cikin tunanina ma shi ake kewayewa, kuma abin yana ba ni haushi.

Watan jiya na je Bazaga gaishe da Hadiza, matar da ya bari. Tana sussukar wake a tsakar gida. Muna cikin tuna shi sai na kawo zancen faretin, ina dariya, don in ji ta ce ai wasa ne, in sami sauƙi. Ba ta ɗaga kai ba.

“Ran nan da yad dawo bai ci tuwo ba,” ta ce. “Nac ce mishi, haba, don wasan taubashi? Yac ce, Hadiza, shekara talatin Lawali na zagina, kullum cikin idona shika dubi. Yau ƙasa yad duba.”

Ashe ya sani. Ya sani, kuma watannin da suka rage masa bai canza mini fuska ba, bai daina aiko mini da wake Malbaza ba, bai daina ce mini bawansa ba. Na yi shekaru ina ƙyashin ƙafarsa da labaransa, yanzu ga wani abu kuma da ba zan taɓa kamo shi a kai ba.

Abin da ya rage na Sha'aibu ba shi da yawa: gona, 'ya'ya uku, da mutanen da har yau suke ba da labaransa kamar su suka yi tafiyar. Ni abin da ya rage mini amsa ce. An ce Ajidan Garba na nan da rai a Illela, ido ya yi rauni. Wanda ke kusa da shi ya karanta masa wannan. Ajidan, ka tambaye ni na yi maka ƙarya. Sha'aibu sojan ƙafa ne, a layin gaba wurinsa yake, kuma in wuri ya yi kaɗan ni ya kamata a fitar. Allah ya jiƙanka, taubashina, ya sa ka yafe mini kafin ka tafi.