Zoɓona a Kofin da Ba Suna

Malama Edita, a shekarun da nake ba da labarinsu, in za a yi biki a unguwar Wunti aka zo maganar zoɓo da kunun aya, gidana ake nunawa. Matar tela ce ni mai 'ya'ya uku, kuma ba zan ɓoye miki ba, ina ji da kaina a sana'ar nan. Ban taɓa auna komai da cokali ba. In buɗe tukunya in shaƙi tururi, shi ke nan na san ko citta ta isa ko kanunfari ya yi kaɗan. Masu awo da cokali har dariya nake musu, ina cewa girki suke yi ko haɗa magani.

Sai na kwanta zazzaɓi da mura mai nauyi, lokacin da cutar nan ta numfashi ta zaga gari. Na warke sarai, amma hancina bai tashi tare da ni ba. Ranar da na gane, shinkafa ce ta kama a tukunya ina zaune kusa da ita, sai maƙwabciyata ce ta leƙo ta katanga tana tambayar me ke ƙonewa. Na ɗebi kanunfari na murza a tafin hannu na kai hanci, ban ji komai ba. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don wa zai sayi abin sha a hannun wadda ba ta jin ƙamshinsa? Na yi shiru, ko maigidana ban gaya wa ba. Na ci gaba da dafawa, in ban ji ƙamshi ba in ƙara kayan ƙamshi, in sake ƙarawa. Maigida ya sha ya ce ya yi, yara su kurɓa su ajiye kofi su sulale. Masu biki suka fara ja da baya ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta faɗa min dalili. Abin da ya fi ci min rai shi ne wata Hajiya a GRA da na yi wa bikin manyan 'ya'yanta duka. Auren autarta ya matso, sai a bakin mutane na ji wai tana neman wata mai zoɓon.

Akwai wata Madam 'yar ƙabilar Ibo mai shagon kayan biki, wurinta nake sayen robobi. Ita ce ta ce in zo taron ɗanɗano da take haɗa wa sababbin masu abincin biki ranar Asabar da la'asar, inda ake ɗanɗana lemon inabin nan na doguwar kwalba. Na haɗe rai na ce mata ni ba na zuwa inda ake buɗe giya. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ta san garin da take zaune, ko ɗigon giya babu a ciki, kuma yawancin masu zuwa da hijabinsu suke zuwa. Na tambaya a gefe na tabbatar, sannan na je. Gaskiya ba koyo ya kai ni ba, so nake in ga yaran da ke ƙwace min kasuwa.

Na tarar da su zaune a bayan shago, kowace da ƙananan kofuna a gabanta da ruwa da gutsuren burodi. Madam ta ce kada wadda ta haɗiye da sauri. A fara duba launi, a juya kofin a hankali, a shinshina, a kurɓa kaɗan a riƙe a baki, sannan a faɗi abin da aka ji. Kafin kofi na gaba a kurkure baki a ci burodi. Da aka fara zagayawa, wata ta ce ita dai zaƙi ta ji, wata ta ce wallahi ba ta ji komai ba. Madam ta ce wannan ma amsa ce, ta sake gwadawa. Da aka zo kaina na ce ban ji komai ba, ba wadda ta ko ɗago kai. Wata da watanni ina ɗauke da maganar nan kamar dutse a ƙirji, ga shi na faɗe ta a inda ba abin kunya ba ce. Sai da na sunkuyar da kai na share ido da bakin hijabi.

A nan na koyi abin da shekaruna a bakin murhu ba su koya min ba, wato aikin harshe daban, na hanci daban. Tsami da zaƙi da ɗaci, da baurin da ke busar da dasashi, da yajin da ke sauka a maƙogwaro, duk ashe suna nan ban rasa su ba, ban dai taɓa saurarensu ba ne. Na je asibiti kuma, likita ya ce in riƙa shinshina abubuwa masu ƙarfin ƙamshi safe da yamma, in yi haƙuri.

Wata Asabar Madam ta ce kowa ta kawo abin da take yi, za a zuba a kofuna ba suna. Na kai zoɓona ina taƙama a raina. Wata amarya da ba ta daɗe da fara sana'a ba ta kurɓa ta yamutsa fuska, ta ce wannan ai maganin ciwon haƙori ne. Ta kusa da ita ta ce harshenta ya mutu, a taimaka mata da ruwa. Aka kwashe da dariya. Raina ya ɓaci, kunya ta rufe ni, amma a take na gane inda kasuwata ta tafi: kanunfarin da nake ta ƙarawa ne. Na miƙe na ce nawa ne. Na gaya musu komai. Amaryar nan ta riƙe hannuna tana cewa Anti ki yafe min, na ce mata ita kaɗai ce ta gaya min gaskiya a garin nan.

Daga ranar suka zama hancina. Na sayi cokulan awo, ni da nake yi wa masu awo dariya. In dafa in kawo, su ce a rage wannan a ƙara wancan, ni kuma in riƙe yadda daidai ɗin yake a harshena. Ana haka ƙamshi ya fara leƙowa kaɗan-kaɗan, ɓawon lemon tsami ne farkon abin da na ji.

Ana saura 'yan makonni bikin autarta, Hajiya ta zo shagon sayayya, Madam ta ja ta bayan shago ta ce ta zaɓi mai zoɓonta da bakinta. Aka jera zoɓonmu a kofuna ba suna. Ina tsaye bayanta aka wuce da tiren ta gabana, sai ƙamshin ɓawon abarba da citta ya daki hancina daga kofin gefe. Na san nawa ne tun kafin kowa ya taɓa shi. Hajiya ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta dawo kan wannan ta shanye, ta ce irin wanda matar nan ta Wunti take yi ne kafin hannunta ya lalace. Na zagayo gabanta na ce Hajiya, hannun ya gyaru. Ni na yi zoɓon bikin, kuma amaryar nan da ta kira zoɓona maganin ciwon haƙori na ɗauka ta taya ni.

'Yan'uwana masu sana'ar abinci, kada ku yarda da "ya yi" ɗin mutanen gida, ƙauna ce ke sa su faɗa. In an kira taron ɗanɗano ku tambaya ku tabbatar abin da za a sha halal ne, sannan ku je ku zauna cikin 'yan koyo komai daɗewarku a sana'a. In kuma wani abu ya same ku a jiki, ku faɗa da wuri ku nemi magani. Ni ɓoyewa ta kusa rufe min tukunya. Har yau duk Asabar ina can da ƙaramin kofina, kuma in sabuwar zuwa ta ce ba ta ji komai ba, ni ce nake matsawa kusa da ita in ce ta sake kurɓa.