Alluran da Mai Agogo Bai Gama Miƙarwa Ba

Mai Agogo ba ya yar da abin da ya ciro. In ka kai masa agogonka ya canza wani abu a ciki, ko da ɗan zaren ƙarfe ne da ido bai cika gani ba, sai ya naɗe tsohon a 'yar takarda ya miƙo maka tare da agogon. "Naka ne, riƙe," yakan ce. Wasu su karɓa, wasu su yi dariya su bar masa a kan tebur, shi kuma ya jefa a wani gwangwanin madara.

Gidan haya ɗaya muka zauna da shi, a hawa na biyu, ƙofarsa na kallon tawa. Teburinsa yana bakin titi, ƙarƙashin barandar wani kantin magani. Tun da waya ta fara faɗa wa mutane lokaci, aikinsa ya koma canza batir da maɗauri. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Yarsa babba tana aure a can wani gefen gari. Ɗansa kuwa, wanda kowa ke kira Direba, babbar mota yake ja har ranar da ta faɗi da shi. Tun daga nan ƙafafunsa suka daina jin magana, kuma ba ya sauka daga benen sai an goya shi.

Akwai wata kwamfuta da Direba ya saya lokacin yana da ƙarfinsa, baƙar akwati mai fanka, da sitiyari da ake ɗaurewa a bakin tebur. Kullum da la'asar sai ya shiga wasan tseren motoci ta intanet da abokansa, wasu tsoffin abokan tuƙinsa, wasu ko fuskarsu bai taɓa gani ba. Ta bango nake jinsa.

"Matsa min hanya, ɗan koyo. Wa ya ba ka lasisi?"

A wannan lokacin kaɗai nake jin dariyarsa.

Sai kamfanin da ya yi wasan ya fito da sabo, abokan duk suka koma can. Kwamfutar Direba ta kasa. Hoton ya riƙa sandarewa, kafin ya motsa motarsa tana cikin rami. Da farko suna tsokanarsa, "Direba, mai ka tsaya sha ne?" Daga baya suka daina jiransa.

Ina ɗakin ranar da uban ya tambaye shi.

"Ƙura ce ta cika ta? In buɗe in hure."

"Ba ƙura ba ce, Baba. Furosesa ce, ƙwaƙwalwarta. Tawa kamar lebura ɗaya ne aka ce ya sauke tirela. Na yanzu lebura huɗu ne a cikin abu guda."

"To a ɗauko masa 'yan'uwa mana."

"Da cinikin batirin agogo?" Direba ya yi murmushi, ya nuna masa hoton irin wadda za ta zauna a bod ɗinsa, wato babban allon da komai ke manne a kai. "Ana samun ta hannu. Amma bar shi, Baba."

Mai Agogo bai bar shi ba. Ya je kasuwar tsoffin kayan lantarki da hoton a kansa, har ya samu wani mai kayan gwanjo da ke da ita. "Baba tsoho, kai ma ka shiga tseren ne?" in ji mutumin. Abin da ke hannun Mai Agogo bai kai ba. Mai gwanjon ya ce ya kawo tsohuwar a yi ciko da ita.

Ya jira ranar da 'yar ta kai Direba asibiti wankin gyambon kwanciya. Ya buɗe akwatin, ya ciro tsohuwar furosesar, ya naɗe ta a takarda kamar yadda ya saba. Na gamu da shi a kan matakala da ƙunshin a hannu. Ya daɗe a tsaye kafin ya sauka.

Aiki ya yi mai tsabta, wannan kam. Ya dasa sabuwar, ya shafa mata man da aka ba shi, ya mayar da fankar, ya share ko'ina. Da aka hauro da Direba aka kwantar, uban ya ce, "Danna mu gani."

Fanka ta juya. Allon ya tsaya baƙi.

Direba ya leƙa cikin akwatin, ya dubi ubansa. "Baba, ina tsohuwar?"

"Na ba da ita ciko."

"Bod ɗin nan bai san wannan ba. Sai an sabunta masa ɗan karatun da ke cikinsa tukuna, kuma ba ya karɓar karatun sai da tsohuwar a ciki. Daga baya ake sa sabuwa." Sannan a hankali ya ce, "Kai da ba ka yar da zaren agogo."

"Ya isa haka," in ji yayarsa.

Washegari Mai Agogo ya koma kasuwa. Mai gwanjon ya riga ya zuba tsohuwar cikin buhun tarkacen da ake sayarwa a kan sikeli, buhun kuma ya tafi. Masu gyaran da ya je neman irinta wurinsu suka yi ta mayar da shi. "Wannan ai kakarmu ce, Baba, wa ke ajiye ta? Sayi sabon bod kawai." Sabon bod kuma yana jawo sabon komai.

Daga nan ya riƙa rufe teburinsa da azahar, ya bi wuraren da ake tara tsoffin ƙarafa, yana tona bokitai da hannu. Watanni suka shige. La'asar ta zama shiru a hawanmu. Wayar Direba ta rage ƙara, ta zo ta daina. Ya juya fuskarsa bango, abinci ya riƙa komawa yadda aka kawo shi, gyambon ya ƙi rufewa. A kan sitiyarin ake shanya tawul.

Wata rana Mai Agogo ya dawo da wata furosesa, irin tsohuwar sak. Sai dai ƙasanta, inda ƙananan allurai suke jere ɗaruruwa, duk sun kwanta kamar ciyawar da aka bi ta kai. Direba ya juyo ya karɓa ya duba.

"Ko ɗaya ta karye, shi ke nan."

"Ba za ta karye ba."

"Hannunka rawa yake, Baba."

"In ina shan shayi yake rawa. A gaban aiki kunya yake ji."

Da safe kawai yake iya yi, don idonsa ba ya yarda da hasken ƙwan lantarki. Sai ya shimfiɗa farin ƙyalle a bakin taga, ya maƙala gilashinsa na gyaran agogo a ido, ya ɗauki ɗan hantsaki. Allura ɗaya ya tayar, ya huta, ya zura reza tsakanin layin ya ga ko ya daidaita. Wata safiyar layi guda, wata ko rabi. Direba ya fara kwanciya yana fuskantar taga. Na ji shi yana cewa, "A hankali, tsoho, kada ka yi mana ribas." Na ga kwano ya fito ba komai a ciki.

Ranar da abin ya faru, Mai Agogo ya sauka ɗebo ruwa. Ya hauro da bokitin har rabin matakala, ya ajiye, ya zauna. A nan matar mai gidan ta same shi rai ya yi halinsa, ruwan ko ɗigo bai zube ba.

Bayan kwanaki 'yar ta zo ɗaukar ƙaninta zuwa gidanta, ta roƙe ni in taya ta haɗa kaya. Na ce wa Direba akwai wani mai gyaran waya da na sani, mai ido da hannu, ko in kai masa furosesar ya ƙarasa miƙar da alluran.

"Kawu, ko an ƙarasa, wa ya rage a kan hanyar?" Ya dubi taga. "A bar ta tukuna. Ita za a ɗauka a ƙarshe."

Aka goya shi aka sauka. Na koma ɗaukar abin da ya saura. Tana nan a kan farin ƙyallen, cikinta sama, gilashin da hantsakin a gefenta. Alluran suna tsaye layi-layi, rana na kama su, sai kusurwa ɗaya ta hagu da suke kwance. Mai Agogo ya riga ya zura rezar a ƙarƙashinsu.