Malam Iro Maƙeri da Sulallan Iya Hansai

Ina cikin kara a kasuwar Wudil ranar Juma'a da hantsi, ina tsaka da cinikin wani bijimi, ƙanwata Rabi ta kira ni a waya. Ko sallama ba ta yi ba. "Yaya, ka taho gida. Baba ya cika." Na saki igiyar da ke hannuna ina ta innalillahi, kuma har yau ban san wanda ya kama min bijimin nan ba. Bayan an sauko daga masallaci muka kai mahaifinmu, Malam Iro Maƙeri, makwancinsa. Sahun da aka yi masa sai da ya tare hanya.

Baba maƙerin fari ne, wato mai aikin azurfa: zobe, awarwaro, 'yan kunne. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, "kai wannan" na tashi ina amsawa har na yi furfura. Mutum ne mai nawa a wajen aiki, iyayen amare sun sha yi masa tsiya a kan haka. Duk abin da aka kawo masa a narkar, sai ya juya shi gaba da baya a ƙarƙashin wani ɗan gilashi mai ƙara girman abu. In an matsa masa ya ce, "A duba kafin a hura. Wuta ba ta mayar da abin da aka ba ta." Wannan nawar ce ta kusa cinye masa suna, ita ce kuma ta ɗaukaka shi.

A shekarar da kogi ya yi ambaliya, ɗakin wata tsohuwa a Utai, Iya Hansai, ya rushe. Mijinta ya daɗe da rasuwa, sai maƙwabta suka ba ta wurin raɓawa. Ta zo maƙerar Baba ina zaune, ta kwance bakin zane ta zube tsoffin sulalla guda tara na azurfa. Gadon kakanta ne, wani falke da ya yi fatauci zuwa Garwa tun ƙasar tana hannun Jamus. Shida sun yi baƙi ƙirin, uku kuwa sai ƙyalli suke.

"Malam, ka auna ka saya, ko ka narkar ka yi awarwaro a sayar. Kwano nake so in rufa ɗaki."

"Iya, waɗannan ukun me ya same su?"

"Toka da lemun tsami na sa na dirje su, don kada ka raina. Hannuna ne ya gaji, da duk na wanke."

Baba ya dafe kai. "Iya, don girman Allah kada ki ƙara wanke ko ɗaya. Ki bar min su, amma ba zan sa su a wuta ba."

Ya bayyana mata cewa akwai masu tara tsoffin kuɗi, kuma su ba nauyin azurfa suke saye ba. Suna duba kan sarkin da ke jiki, da shekara, da ɗan harafin da ke nuna garin da aka buga shi. A da Jamus masarautu ce barkatai, in ji shi, kowane sarki da nasa kan, kuma na ƙaramar masarauta kaɗan aka buga, shi ya sa ya fi tsada. Baƙin nan da ta tsana shi ne shaidar ba a taɓa sule ba. Baba bai yi boko ba. Ya san wannan ne tun yana koyon sana'a a cikin birni, ranar da ya narkar da wani sule ya yi zobe biyu, daga baya wani mai sayar da kayan tarihi ya gaya wa maigidansa cewa kuɗin saniya suka zuba a wuta.

Mako ya zama wata, wata ya zama biyu. Wani dillali da ya so ya saye sulallan a kan sikeli ya shiga yaɗa cewa Malam Iro ya cinye azurfar tsohuwa, ya bar ta tana kwana a ɗakin mutane. Magana ta kama gari. Mata suka daina aiko da aiki, wata ma ta aiko a karɓo mata zobenta ba a gama ba. Iya Hansai da kanta ta zo ta tsaya a ƙofar maƙera ta ce, "Malam, amana na ba ka, ga shi damina tana ƙarewa a kaina."

A nan zan faɗi abin da ke cina. Ni ma na yi shakka. Na same shi bayan la'asar na ce, "Baba, ka auna ka ba ta kuɗinta mu huta. Ko cikin kara ba na iya ɗaga kai." Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "In na auna, mutane za su ce na yi gaskiya, alhali na san na cuce ta. Kai wannan, wanne ka zaɓar min?" Na fita ina fushi.

Ashe duk wannan lokacin yana sa babbar rigarsa yana zuwa jami'a, yana tambaya ofis ofis. Sau uku ana sallamarsa, har ya dace da wani malami da ya yi karatu a Jamus. Malamin ya ɗauki hoton sulallan gaba da baya, ya aika wa waɗanda suka san kan abin, aka haɗa Baba da wani mai saye daga Legas. Baba ya ce atafau ba za a yi ciniki a ɗaki ba, sai a ƙofar maƙera, a gaban mai unguwa, da rana tsaka.

Ranar unguwa ta cika. Ukun da suka sha toka, da kyar suka wuce kuɗin nauyinsu. Sauran kowanne ya ninka haka sau da yawa. Da aka zo kan wani mai hoton sarki mai sanƙo, mai sayen ya faɗi kuɗi, mai unguwa ya ce a maimaita. Wannan sule shi kaɗai ya gina wa Iya Hansai ɗaki biyu na bulo da rufin kwano. Tsohuwar nan ta ɗaga hannunta sama tana kuka tana dariya, tana cewa, "Allah na gode maka da ka gajiyar da hannun nan!" Mata suka ɗauki guɗa. Aka waiga neman dillali, babu shi babu dalilinsa. Wallahi ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Baba bai karɓi ko sisi ba. Da Iya Hansai ta nace, ya ƙi, sai ta janye guda ɗaya daga cikin baƙaƙen ta ce wannan ba na sayarwa ba ne, nasa ne. Da jama'a suka watse na tsuguna zan ba shi haƙuri, ya nuna min zugazugi ya ce, "Kai wannan, hura min wuta, aiki ya taru." Daga nan mutanen Darki da Utai suka riƙa kawo masa duk wani tsohon kuɗi, ahu da anini, da suka tono, kowa yana ganin ɗaki biyu. Yakan duba da gilashinsa ya ce, "Wannan ka ba jikanka ya yi wasa." Babu wanda ya sake yi masa musu.

Ranar sadakar uku Iya Hansai ta zo tana dogara sanda. Ta ce da ƙarfi, don maza da ke waje su ji, "Duk ruwan da aka yi bai taɓa ni ba, ina yi wa Malam addu'a." Da muka buɗe akwatin kayan aikinsa, sai ga sulen da ta ba shi a ƙulle cikin tsumma, baƙi ƙirin kamar ranar da ya zo. Rabi ta ce bari ta ɗan goge shi. Na riƙe hannunta.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa amanar nan ta tsaya masa ranar da babu mai tsaya wa wani. Allah ya ba mahaifiyarmu da mu 'ya'yansa haƙurin rashinsa, ya ba mu ikon riƙe sunan da ya bar mana. Ni kuma da na ce ya auna, Allah ya yafe min. Amin.