Fuskar Baba Mai Hoto

Ina cikin aji a Godogodo, alli a hannuna, sai ga kiran ƙanena Iliya. Ba ya kirana lokacin makaranta, don haka tun kafin in ɗauka gabana ya faɗi. Ya ce, "Yaya Hannatu, ki zo gida. Baba ya faɗi a wurin biki a Fadan Kagoma. Kafin a kai shi asibiti ya huta." Sai na ji bakina yana tambayar ina kyamararsa. Iliya ya ce tana rataye a wuyansa har aka sa shi a mota.

Mahaifinmu Ayuba, wanda mutanen Kafanchan suka fi sani da Baba Mai Hoto, ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar hotunan aure. Ba zan ce mutum ne mai sauƙin hali ba, domin waɗanda ya daka wa tsawa a ƙofar coci suna nan da ransu, za su ƙaryata ni. A gida mai raha ne. Amma da zarar ya rataya kyamara, ko fasto ne ya tare masa haske sai ya matsar da shi.

A saman kyamarar akwai wani maɓalli mai juyawa da haruffa a jikinsa. Akwai wuri mai launin kore da ake kira oto, inda kyamara ke yanke komai da kanta. Baba ya tsani wurin nan kamar ya taɓa yi masa laifi. Yakan ce, "Kyamara bai san amarya ba. Farin riga kawai yake gani." Lokacin da yake koya mini aikin a hutun makaranta ne na gane nufinsa. Idan kyamara ta ga farar riga tana ƙyalli a rana, sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage shi. Riga ta fito tas, mu kuma masu baƙar fata fuskokinmu su nutse, sai haƙora da fararen idanu.

Saboda haka yana da tsarinsa. In amarya na tahowa daga hasken ƙofa zuwa cikin coci, yakan juya zuwa A, ya zaɓi yadda idon kyamara zai buɗe, ya bar mata zaɓen saurin ɗauka, domin hasken na canzawa da kowane taku. In matan zumuntar coci suka ɓarke da rawa, sai ya koma S, ya riƙe saurin da kansa don kada hannuwa su zama hayaƙi. Amma idan aka zo hoton dangi, babu wasa: M ne, komai da hannunsa. Zai bar ango da amarya a tsaye, ya je gaban tsohuwar da ta fi kowa duhun fata, ya auna haske a kuncinta, sannan ya dawo ya ɗauka. Sau da yawa adon rigar amarya kan ɓace cikin fari.

Amare ba su yafe masa wannan ba. Na tuna wata da ta zo shagonsa ranta a ɓace. Ta ce, "Baba, ina duwatsun rigana? Daga Jos fa aka kawo shi!" Baba ya nuna mata wani tsoho a gefen hoton ya ce, "'Yata, riga yana cikin akwati, ki je ki duba shi. Kakanki fa, yaushe zai sake tsaya a gaban kyamara?" Ta tafi tana gunaguni, shi kuwa ko a jikinsa.

Shekarun hare-hare ne suka ƙara masa wannan taurin kai. Tsofaffin ƙauye ba sa zuwa shagon hoto; in ba a biki ba, babu mai ɗaukarsu. Wata rana wata mata ta zo. An kashe mijinta a gona, an ƙone gidan da duk abin da ke ciki, ba ta da ko hoto ɗaya da za a ɗora a kan akwatin gawa. Baba ya tambaye ta bikin wa suka taɓa zuwa. Ya zauna gaban kwamfuta ya yi ta nema har ya samo mutumin a layin baya, a auren ƙaninsa, ya yanko fuskar ya faɗaɗa ta. Matar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Shi ne. Har da tabon goshin shi." Bayan ita wasu sun zo, da yawa. Tun daga lokacin Baba yake cewa, "Hoton biki, rabin shi na jana'iza ne." Mama takan ce ya daina wannan mugun baki, amma bai daina ba.

Da fasto ya nemi hoton Baba don takardar jana'iza, sai muka shiga bincike, kuma nan ne baƙin cikina ya ninku. Fuskokin mutanen ƙasar nan sun cika kwamfutarsa, amma babu tasa. A wayoyinmu ko ƙeyarsa ce, ko kyamara ta rufe masa fuska, domin da ka ɗaga waya yake juya baya, wai waya duk oto ce. Hoto ɗaya ne ya tsaya aka yi masa, ran aurena. Ya miƙa wa kawun mijina kyamara, da ya ga mutumin bai iya ba, shi da kansa ya juya ta zuwa kore, ya zo ya tsaya kusa da ni a ƙofar coci da tsakar rana. Rigata ta fito zare-zare. Baba kuwa inuwa ce sanye da kwat. Da ya ga hoton dariya ya yi, ya ce, "Kin gani ko? Na gaya maki." Ya ce za mu sake da Kirsimeti. Kirsimeti kuwa lokacin aure ne, bai taɓa samun sukuni ba.

Haka aka buga takardar da wannan inuwa. Mama ta kalle ta ta ce, "To jikoki za su ce kakansu wane ne?"

Da safiyar jana'iza aka buɗe akwatin a tsakar gida. An sa masa farin kaftani, an shimfiɗa farin yadi kewaye da shi. Iliya ya ɗaga waya, Mama ta riƙe masa hannu. Ta shiga ɗaki ta fito da kyamarar, ta rataya mini. Ta ce, "Ke ya koya ma. Ki yi yadda yake yi." Maɓallin na kan M, inda ya bar shi. Na sunkuya na auna haske a kuncin mahaifina, na ɗauka. Farin yadin ya ɓace gaba ɗaya. Fuskar ta fito sarai, da furfurar gemu, da layin nan na tsakanin gira da ke bayyana in ana tare masa haske. Shi ne hoton Baba mafi kyau da muke da shi, kuma idanunsa a rufe suke. Ina kallonsa in yi kuka, ba na ɓoyewa.

Ina roƙon duk wanda Baba ya ɗauki aurensa, ya duba hotunan da baƙi suka yi da waya. In akwai inda ya waiwayo, ku kawo wa Mama.

Ubangiji Allah, wanda ya san fuskar bawansa Ayuba tun kafin a haife shi, ya gafarta masa zafin ransa, ya karɓe shi cikin hutawa. Ya ta'azantar da Mama Rifkatu, ya ƙarfafa Iliya da jikoki, ya tuna da gwaurayen da suka taɓa zama a shagonmu. Ya kuma ba mu ikon jimrewa har ranar da za mu ga Baba ido a buɗe, cikin sunan Yesu. Amin.