Akwatin Ruwan Kawu Munzir

Kawuna Munzir kafinta ne a Amman. Shekara talatin yana yi wa mutane ƙofofi, amma a gidansa babu ɗaki mai ƙyaure, duk ya ɓalle su ya jingine a soro. Kowa ya san ya taɓa yin shekara huɗu a kurkuku, shi kaɗai a ɗaki mai duhu. Ba a tayar da zancen a gidanmu.

Da ciwon baya ya hana shi barci, ni uwar iyawa na kawo shawara. Ina aiki a wani gidan shaƙatawa mai akwatunan ruwan gishiri: mutum ya kwanta ruwa ya ɗauke shi, a rufe murfi, ba haske ba sauti, awa guda. Na ga masu ciwon baya sun fito suna murmushi.

Na ɗauko takardar tambayoyi. "Kawu, kana da rauni a jiki? Farfaɗiya? Tsoron rufaffen wuri?"

"Ke Rasha, ni za ki tambaya tsoro? Rubuta babu."

Na san ƙarya yake yi, na kuma rubuta. Har gobe ina jin haushin hannuna.

"Murfin ba ya kulluwa," na ce masa. "In ka gaji, turawa kawai za ka yi."

"To, likita," ya ce yana dariya.

Awa ta cika, kiɗan tashi ya kama, bai fito ba. Na ƙara masa minti goma, wai barci ya yi daɗi. Shirun ya yi yawa. Na ƙwanƙwasa, na ɗaga murfin.

Yana durƙushe cikin ruwan, fuska ga bango, hannuwa a ƙeya. Gishiri ya cinye masa idanu sun yi jawur, bai ko share ba.

"Fursuna mai lamba ɗari huɗu da sha biyu, ranka ya daɗe," ya ce.

"Kawu, ni ce. Me ya hana ka turawa?"

Ya juyo ya dube ni. "Ba a ce in fito ba."

Bayan ya warware, har yana yaba mini a gaban baƙi. Amma a makon ya ɗauko ƙyaure ɗaya daga soro ya mayar wa ɗakinsa, da hannunsa ya kafa sakatar ta waje. Yanzu kowace safiya matarsa kan tsaya a bakin ƙofar da kofin shayinsa, ba ya fitowa sai ta ce masa ya fito.