Rinin Gashin Dakta Fortier

Da hantsin ranar Talata, takwas ga watan Oktoba na shekarar 2019, matarka Corinne ta bugo mini waya ta ce Allah ya yi maka rasuwa a gidanka da ke Baton Rouge, bayan jinyar ciwon zuciya. Dakta Lucien Fortier, ka tafi kana da shekara saba'in da uku. Na ajiye wayar na yi kuka, kuka na gaske. Da na share hawaye kuma sai haushinka ya taso mini, domin ka tafi ba ka amsa tambayata ba.

Masu ilimi sun riga sun jera ayyukanka: shekarun da ka yi kana leƙen ƙwayar kuturta a madubin likita, yawon da ka sha cikin fadama kana bin armadilo, dabbar nan mai sulke da ke ɗaukar cutar, da binciken da ka yi a kan cututtukan fata na gado. Ni ban karanta ko shafi ɗaya ba. Ni ce fatar da ka yi ta karantawa. An kai ni asibitin kutare na bakin kogin Mississippi ina da shekara goma sha huɗu, a can na yi budurci, a can furfura ta same ni.

Ba zan ci haƙƙinka ba. Ranar da ka fara zuwa, a 1976, ka miƙo mini hannu babu safar roba, ka riƙe dungulmin yatsuna kamar ka riƙe hannun kowa. Ka zauna a ɗakina ka sha miyar gumbo daga tukunyata har ka nemi ƙari. Kai ne ka zura hannu cikin takalmina ka zaro ƙusar da na yi kwanaki ina takawa ban sani ba, da yake ƙafafuna ba sa jin komai, kuma ka hana a yanke mini ƙafar, ka yi ta wanke gyambon da kanka har ya rufe. Da wannan ƙafar na je jana'izarka.

Amma mu mutanen asibitin nan ba ma karɓar alherin likita ido rufe. Wanda ya yi maka murmushi da safe, da rana zai dawo da aska ya yanki fatar kunnenka. Saboda haka na sa maka ido, kuma abin da na fara gani shi ne kana rina gashi. Saurayi ɗan shekara talatin, me zai ɓoye? In zafi ya yi zafi, sai in ga baƙin gumi yana gangaro maka daga goshi, ka yi sauri ka goge.

A zamaninmu, ranar da aka kawo mutum, kafin a nuna masa gadonsa sai a ce ya zaɓi wani suna, don kada a kori ƙannensa daga makaranta ko a daina sayen madarar gidansu. Da sunan aro muke rayuwa, da shi ake binne mu. Matar da ta riƙe ni kamar ƙanwarta ana ce mata Rose Miller. Baƙin gashi gare ta mai yawa, sai wani farin tsagi guda a gaban goshi wanda aka haife ta da shi, irin na mahaifinta. Ta shigo asibitin da ciki, ta haihu a 1946, aka ɗauke jaririn kafin ta taɓa shi, aka kai gidan marayu a New Orleans. Daga nesa ta hango shi sau ɗaya, ta ga ɗan farin gashin a goshinsa. Danginta kuwa tuni sun gaya wa maƙwabta ta mutu.

Wata rana muna tsince jan wake ta gaya mini sunanta na gaskiya, ta sa na rantse. Ta ce, "Eula, ni ba zan fita daga nan ba, ke wataƙila ki fita. In kin ga ɗana, ki faɗa masa sunana. Shi kaɗai fa. Ko Fadan coci ne ya tambaye ki, ki ce ba ki sani ba." Na ɗauki sunan nan na riƙe, babu mai shi a duniya sai ni, kuma in na mutu da shi ya mutu ke nan.

To, sai ga ka. Duba Rose da ya kamata ya ɗauki ɗan lokaci sai ka kai azahar a ɗakinta, ƙofa a rufe. Kana taje mata kai, na gani da idona ta taga. Sannan ka shiga bin ƙauyukan fadama kana neman gidajen da ake haifar yara da farin gashi a goshi, ka ce bincike ne. Na tare ka a baranda wata safiya, kana riƙe da kofin baƙin kofi.

Na ce, "Likita, wai tsufa ne ya zo maka da wuri, ko budurwa kake nema?"

Ka yi dariya ka ce, "Gwaggo Eula, ke dai ba kya gajiya. Kin sha maganinki?"

"Na sha. Ni kai nake tambaya. Wanke kan nan mu gani mana."

"In na wanke, wa zai biya ni kuɗin rinin?"

Ka wuce abinka. Haka muka yi ta yi shekara da shekaru, ina jefa maka tambaya kana gocewa. Da aka yi maka haihuwa ka raba mana alewa, amma ko hoton yarinyar ba ka taɓa kawowa ba, kuma kullum "'yata" kake cewa, ba ka kama suna. Wane uba ne ba ya cika wa mutane kunne da sunan 'yarsa?

Abu ɗaya ne ya riƙe mini baki. Kowa ya san ni ce aminiyar Rose. Na ce a raina, in da ɗanta ne, ai da ya zo ya durƙusa ya roƙe ni sunan uwarsa. Ba ka taɓa tambaya ba, ko da wasa. Sai in ce to, wataƙila likita ne kawai da ya sami abin rubutawa a kan matar mutane, ni kuwa ba zan ba wa bincike amanar da aka ba ni don ɗa ba. Har gobe ina ganin daidai na yi.

Rose ta rasu a 1983. Ana saura kwanaki kaɗan ta kama hannuna ta ce, "Maganar sunan nan, ki bar ta." Na ce, "Yaya, kin fid da rai ke nan?" Ta ce, "Na ce ki bar ta, sarkin naci." Tana murmushi ta faɗa, ni kuma na ɗauka zafin ciwo ne, ban bari ba.

Tun daga wannan shekarar, duk ranar ɗaya ga Nuwamba da muke fita wanke kaburbura, sai in tarar ka riga ni. Ka tuɓe kwat, kana shafa wa kabarinta farar ƙasa, ga furanni a gefe. Na ce maka, "Kaburbura nawa ne a nan da ba su da kowa, sai wannan?" Ka ce, "Nan ne ke da inuwa, Gwaggo." Ƙarya kake yi, Allah ya gafarta maka, babu ko bishiya ɗaya a wannan layin.

Ranar Juma'a aka kai ni ganin gawarka. Kanka ya yi fari fat, babu abin da zan iya ganewa, na ce shi ke nan, mutumin nan ya ci ni. Ina zaune sai wata mata ta sunkuyo ta gaishe ni, ta ce daga Oregon ta iso, ita ce 'yarka. Baƙin gashi har kafaɗa, da farin tsagi guda a gaban goshi, ba ta rina ba, ba ta ɓoye ba.

Na ce, "'Yar nan, yaya sunanki?"

Ta ce, "Noelie, Gwaggo. Baba ya ce sunan wata mara lafiyarsa ce da ya ƙaunata."

Noelie. Sunan da na riƙe a bakina ina tsoron in mutu da shi, ashe shekara arba'in yana yawo a duniya, yana zuwa makaranta, har ya yi aure. Ba ka tambaye ni ba domin ita da kanta ta gaya maka, a bayan ƙofar nan da kuke rufewa. Ku biyu kuka haɗa baki kuka bar ni ina gadin gidan da aka riga aka kwashe kayansa.

Na yi murna, kuma na ji ciwo. Na gane dalilinka na farko: a wancan lokacin wa zai kai ɗansa wurin likitan da kuturwa ta haifa? Amma daga baya fa, Lucien? Kai da ka yi ta hawa mumbari kana cewa cutar nan tana warkewa, ba abin kunya ba ce, ka bar uwarka kwance a ƙarƙashin sunan aro, ka bar 'yarka tana ce mata "wata mara lafiya". Ina zargin kunyar da ka cire mana ba ka iya cire wa kanka ba. Ban san abin da Corinne ta sani ba. Da ta ga ina kallon kan yarinyar, sai ta kau da ido.

An ce in faɗa wa ɗa shi kaɗai, ɗan kuwa yana kwance a akwati. Sai na jawo 'yarka kusa da kai, yadda za ka ji, na ce, "Saura rabin sunan. Noelie Latiolais, daga Bayou Teche. Kakarki ce. Ranar ɗaya ga Nuwamba ki zo kabarinta da buroshi da farar ƙasa, ki zo da mai sassaƙa dutse." Ta ɗora hannu a goshinta, ta daɗe ba ta sauke ba.

Allah ya jiƙanka, Likita, ya yafe maka abin da ka ɓoye saboda abin da ka warkar. Ya ba Corinne haƙuri, ya ba Noelie ƙarfin ɗaukar abin da na ɗora mata, ya saka maka da alheri a madadin duk wanda ka riƙe hannunsa babu safa. Ya sada ka da mahaifiyarka a inda ba a ɗauke wa uwa jariri. In ka isa, ka je mata da kanka a wanke.

Eula Sonnier